Gyaran Tsohuwar Mota Daga Ciki Ake Fara Shi

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1970 ya san darajar Peugeot 504, watau motar da Hausawa ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, sa'an nan a 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976, Minna ta zama hedkwata, ma'aikata suka yi ta kwararowa, da yawansu kuwa wannan mota ce burinsu. Yau galibin motocin sun faɗa hannun 'yan gwangwan, an auna su a sikeli tamkar hatsi.

Amma akwai wani dattijo a unguwar Bosso, tsohon malamin makaranta, wanda ya ƙi rabuwa da tasa. Ta yi shekaru tana jibge a gindin dalbejiya, har kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ran nan babban ɗansa ya ce masa, "Baba, a sayar da ita mana a huta, ai ta gama yayi." Dattijo ya ce, "Kai yaro, kuɗin fanshona ba zai sayi 'yar Kwatano ba, ga gona tana jirana a hanyar Zungeru. Wannan kuwa babu abin da ke cikinta wanda idona ba zai gani ba."

Gaskiya ya faɗa. Motocin zamani kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, in sun yi ciwo sai an jona musu na'ura kafin a san abin da ke damunsu. Ita kuwa Fijo silinda huɗu ne da kafireta da kwayil da distiributa, mai haƙuri da sufana yana iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabta suka ba shi shawara ya fara da fenti, don a ga mota ta yi kyau. Ya ƙi, ya fara da wayoyin wuta, alhali kuwa nan ne aikin da ba wanda zai gani balle ya yaba. Dalilinsa shi ne, robar da ke jikin waya takan bushe ta tsattsage saboda zafin inji da tsufa, ɓeraye kuma su ƙarasa ta. In tsirarar waya ta taɓa ƙarfen mota, wuta takan gudana fiye da ƙima, sai fis ya ƙone ya ceci sauran. To, amma da ya buɗe akwatin fis sai ya tarar wani mai gyara na can baya ya ɗaure biyu daga ciki da zaren waya. Irin wannan dabara ita ce kan sa a ga mota ta kama da wuta a tsakiyar hanya, da mutane a ciki.

Saboda haka ya cire kan batir, ya fara da na ɓangaren da ke haɗe da jikin mota, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Kowace waya kafin ya cire ta sai ya manna mata takarda ya rubuta inda ta fito, ya kuma zana ta a littafi, irin yadda ya saba shirya darasi. Ya sa sabbi masu kauri daidai da na dā, ya kankare tsatsa a duk inda waya ke kama ƙarfe, domin ta jikin motar ne wuta ke komawa batir. Tsatsar wurin nan ce kan sa fitila ta dushe, a yi ta zargin batir ba laifinsa.

Daga nan ya juya kan inji. Ya zubar da tsohon fetur, ya wanke tanki da kafireta, ya canja baƙin mai da fulogi, ya jera wayoyin fulogi bisa tsarin tashin wuta na 1, 3, 4, 2. Abin da ya rasa a wurin kanikawan Ƙetaren Gwari sai ya aika Panteka a Kaduna. Birki kuwa bai yi masa gangancin koyo ba, ya kira gwani ya tsaya a kansa, don ya san ran jama'a ne a ciki. Ranar da inji ya yi tari sau biyu ya kama, har uwargida ta fito daga madafa tana guɗa.

Fenti shi ne na ƙarshe. Ya goge jikin da samfefa har ƙarfe ya fito, mai walda ya toshe inda ya rube, domin fentin da aka shafa a kan tsatsa kumbura yake yi bayan damina ɗaya. Ya kauce wa laimar damina da ƙurar hunturu, ya yayyafa ruwa a ƙasa da sassafe, ya rufe hancinsa, ya fesa sau uku siriri-siriri, yana barin kowane ya bushe.

Jama'a, abin lura a nan shi ne jerin aikin. Mu mun saba da fara gyara daga inda ido ke gani, ko a mota, ko a gini, ko a makaranta, a shafe bango da fenti alhali rufi yana yoyo. Har wa yau, tsofaffin kanikawan da suka san wannan mota ciki da bai suna ƙarewa. Ya kamata makarantun koyon sana'a su nemi irin waɗannan motoci kafin sikeli ya cinye su, domin yaron da ya bi waya da hannunsa daga batir har fitila ba zai tsorata da motar kwamfuta ba. Allah ya sa masu abin su ji.