Adakar Kaka

A wani ƙauye na ƙasar Danja, bakin fadamar da a ke noman rake da tumatir, akwai wani dattijo manomi wanda ya gaji wata tsohuwar adaka daga ubansa, uban kuwa daga nasa uban. Ran da aka yi rabon gado kowa idonsa na kan shanu da gonaki, ba wanda ya kula da ita, gama babu kuɗi a ciki, sai takardun da suka yi ja don tsufa. Da ya ke shi ne auta, sai aka tura masa.

Kakansa ne ya fara tara su. Shi ba malami ba ne, amma ya yi karatun allo har ya iya ajami. In wani abu ya auku a gidansa, sai ya jiƙa tawada, ya rubuta layi biyu ko uku, ya sa a adaka. Mutanen dā ba su ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru a cikinta su ke tuna ta. Saboda haka takarda ta fari cewa ta yi, shekarar Kakalaba ya sayar da jakinsa ya sayi dawa, ya kuma binne 'ya'ya biyu. Wannan ita ce babbar yunwa ta 1914. Wata ta ambaci Marisuwa, watau murar nan da ta gama duniya a 1918. Wata kuma ta ce an haifa masa ɗa shekarar da jirgin ƙasa ya wuce Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda, watau 1929. Daga nan sai lissafin auduga ya yawaita, jaki kaza aka kai kasuwa, sule kaza aka samu.

Uban dattijon ya ɗora a kan haka. Shi kuma takardun haraji ya riƙa ɗaurewa da zare, shekara bisa shekara. A cikinsu mutum zai ga inda fam da sule suka ƙare, naira da kwabo suka shigo a 1973, har ya zuwa ta ƙarshe, ta 1979, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna, wadda Danja ke cikinta a sa'an nan, ta soke haraji da jangali.

Shekaru suka shuɗe adaka tana ƙarƙashin gado. Ana nan, ran nan sai gardama ta tashi a kan wani yanki na fadama da ke hannun maƙwabta. Dattawan gidansu sun sha faɗa cewa jingina ce aka ba da, maƙwabta kuwa suka ce kakansu saye ya yi. Waɗanda aka yi abin a gabansu duk sun riga mu gidan gaskiya. Magana ta yi zafi, har mata suka daina shiga gidan juna, alhali kuwa akwai auratayya a tsakani.

Sai dattijon ya tuna da adaka. Ya kwana uku yana warware takardu, har ya tarar da wata 'yar ƙarama wadda gara ta ci gefenta. Aka kai gaban mai gari, liman ya karanta a bainar jama'a. Ta ce, shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu, watau 1944, an jinginar da fadama a kan fam biyu da sule goma, ga sunayen shaidu uku. Maƙwabta suka ji sunan kakansu, suka yi shiru.

Amma takarda ba ta san ɗan gida ba. Da liman ya juya bayanta, sai ga wani layi yana cewa mai fadama ya kuma ranci damin dawa ashirin a wannan gida, ba a kuwa ga inda aka rubuta biya ba. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya ce, “Allah ya gafarta malam, a karanta duka, bashin kaka namu ne.” Da kaka ta yi ya auna dawa ya kai, aka daidaita kuɗin jingina, fadama ta komo, zumunci kuma bai yanke ba. Lalle ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Abu guda ne ya dame shi. Wata rana jikarsa ta ce, “Kaka, ina sunan mahaifiyar babanka?” Ya bincike adaka kaf, bai samu ba. In an haifi namiji an rubuta suna, in mace ce sai a ce “an sami mace” kurum. Matar da ta yi surfe da niƙa ta riƙe gidan cikin yunwa, sunanta ya ɓace. Tun daga ranar ya sayi littafi, da ya ke ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya bi tsofaffin mata yana tambaya yana rubutawa da boko, kowa da sunanta, da garin da aka auro ta.

Wannan hali ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Manoman duwatsun Afalashiya a Amurka a farkon Littafinsu Mai Tsarki su ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, jikoki kuma da shi su ke gane asalinsu. A nan gida akwai ma'ajiyar takardun gwamnati a Kaduna, cike da rahoton razdan da na di'o. A can za a gaya maka mutum nawa suka biya haraji a gunduma, amma ba za a gaya maka wanda ya sayar da jakinsa don ya ciyar da iyali ba. Wannan sai 'yan gida.

To, mai karatu, kai da Allah ya buɗe wa ido ka iya riƙe alƙalami, kada ka ce tarihi na sarakuna ne. Rubuta haihuwa da rasuwa, da iyakar gona, da rance, da sunan shaidu, ka sa rana da wata da shekara. Ajiye su a akwatin ƙarfe, ka ɗora bisa dutse saboda gara da laima. Tsofaffin takardu kuwa a kwafe su, a ɗauki hotonsu da waya, a ba wani ɗan'uwa ya riƙe. Tsohon da ke gidanku yau, tambaye shi tun yana iya amsawa.