Inci Ɗaya a Hannun Ƙato

A farkon watan Maris na 2025, a birnin Indianapolis na Amurka, aka sa wani saurayi mai suna Will Campbell ya miƙe hannunsa, aka auna daga kafaɗa zuwa bakin yatsa, aka samu inci 32 da biyar bisa takwas. Bayan 'yan makonni aka sake awon a jami'arsa ta LSU, aka samu inci 33. Bambancin bai cika santimita ɗaya ba, amma masharhanta suka shafe makonni suna ja-in-ja a kansa, domin a kan wannan ɗan tsaki ake so a yanke hukuncin gurbin da yaron zai tsaya a fili har ƙarshen sana'arsa. A watan Afrilu ƙungiyar New England Patriots ta ɗauke shi a matsayi na 4, ta kuma bar shi a gurbin da ya saba, gefen hagu.

Ga wanda bai saba da ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ba, ga yadda abin yake. Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32, kuma kowace shekara suna zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi a bara ita ke fara zaɓe. Cikin 'yan wasa 11 da ke kai hari, biyar ba a ɗauke su don su ruga da ƙwallo ko su cafe ta ba. Ƙarti ne, galibinsu sun haura kilo 135, aikinsu su tare abokan gaba don mai jifa, wato kwatabak, ya samu daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ya jefa, ko su buɗe wa mai gudu hanya. Ni 'yan katanga nake kiransu. Akwai ɗan tsakiya, wanda ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa a fara wasa. A damansa da hagunsa akwai 'yan ciki biyu. Daga waje kuma 'yan gefe biyu, waɗanda Amurkawa ke kira takul.

Aikin jarida ya koya mini in riƙa tambayar abin da kyamara ta bari a waje. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, kuma 'yan katanga ba su da ƙididdiga irin ta mai jifa ko mai cafewa. Ba a cika jin sunan ɗayansu ba sai ya yi laifi. Da na fara kawar da idona daga ƙwallon ina kallon mutum biyar ɗin nan, sai na fahimci cewa tambayar da muka saba yi, “shin yaron nan ya iya?”, rabin tambaya ce. Cikonta shi ne: ya iya a wane gurbi, a wane tsari, a hannun wane koci?

Daga nesa sana'ar ɗaya ce, amma ɗan gefe da ɗan ciki ba matsala ɗaya suke warwarewa ba. Ɗan gefe yana da fili buɗe a kafaɗarsa ta waje, ba mai taya shi. Wanda zai tare ya fi shi sauri, ya taho da gudu, shi kuwa da baya-baya yake tafiya. Idan hannun maharin ya riga sauka a ƙirjinsa, an gama. A nan tsawon hannu ke shigowa: mai dogon hannu yana taɓa abokin karawarsa tun daga nesa, ya kuma tura shi ya zagaya ta bayan mai jifa. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke son inci 33 zuwa 34 ga ɗan gefe. Ɗan ciki kuwa a matsi yake aiki, da abokan aiki dama da hagu. Abokin karawarsa ya fi nauyi, kuma gab da hancinsa yake tsaye, don haka abin da ake nema a wurinsa ƙarfin ƙugu ne, da saurin ɗora hannu, da iya kafewa kada a tura shi baya. Ɗan tsakiya yana da ƙarin nauyi: shi ke karanta jerin abokan gaba kafin a fara, ya sanar da sauran huɗun wanda kowa zai kama.

Gefen hagu ya fi tsada saboda mai jifa na dama yana juya wa wannan ɓangaren baya. A 1985 Lawrence Taylor na New York Giants ya faɗa wa Joe Theismann har ƙafarsa ta karye, bai sake buga wasa ba, kuma da wannan lamari Michael Lewis ya buɗe littafinsa The Blind Side na 2006 don bayyana yadda darajar ɗan gefen hagu ta hau. Akwai kuma lissafin kuɗi. Tun yarjejeniyar 2011, albashin sabon ɗan wasa yana bin lambar da aka zaɓe shi ne, ba gurbinsa ba. Tunda gogaggen ɗan gefe ya fi ɗan ciki tsada a kasuwa, ƙungiyar da ta samu ɗan gefe a farashin sabon shiga ta fi cin riba. Saboda haka gardamar hannun Campbell gardama ce a kan ko ya cancanci lamba ta 4.

To amma awo manuni ne kawai. Abin da ake nema shi ne wa zai riga ɗora hannu, kuma ƙafa mai sauri da iya zaɓen lokaci suna iya biyan bashin inci ɗaya. Joe Thomas, wanda Cleveland Browns ta ɗauka a matsayi na 3 a 2007, an yi ƙorafin hannunsa bai kai yadda ake so ba. Ya buga wasa sau 10,363 a jere ba tare da an cire shi ko sau ɗaya ba, aka kuma sa shi cikin zauren gwarazan wasan a 2023. Rashawn Slater, mai inci 33, an yi ta cewa ciki ya kamace shi. Chargers ta bar shi a gefen hagu a 2021, ya yi fice tun shekararsa ta farko.

Wani lokacin kuma komawa ciki shi ne alheri. Zack Martin ɗan gefen hagu ne a Notre Dame. Dallas Cowboys ta ɗauke shi a matsayi na 16 a 2014, ta mai da shi ɗan ciki na dama tun ranar farko, aka zaɓe shi cikin jerin gwanayen gasar na sahun farko har sau bakwai. A kwatanta shi da Robert Gallery, wanda Raiders ta ɗauka a matsayi na 2 a 2004. Ya sha wuya a gefe shekara uku, da aka mai da shi ciki a 2007 sai ya zama ɗan wasa abin dogaro. Duk da haka sunan wanda ya ba da kunya ya bi shi, domin kuɗin ɗan gefe aka biya. Dukansu biyu ciki ne ya karɓe su. Abin da ya raba su shi ne ɗaya an gane gurbinsa kafin a yanke farashi, ɗayan kuma sai bayan an biya.

Bayan gurbi sai tsari. A wani tsarin, kowane ɗan katanga yana da mutum takamaimai da zai ture, don haka nauyi ake so. A wani kuma, wanda Alex Gibbs ya shahara da shi a Denver Broncos, duk biyar ɗin suna zamewa gefe guda tare, kowa ya kama wanda ya shigo yankinsa. Da 'yan katanga marasa nauyi sosai Broncos ta ci kofin Super Bowl biyu a jere, Terrell Davis kuma ya ruga yadi 2,008 a kakar 1998. Jason Kelce kilo 127 ne kacal lokacin gwaji, abin da ya sa ya zauna har zagaye na shida a 2011, lamba ta 191. Philadelphia Eagles ta gina wasanni a kan saurinsa, yana fita fili yana tare mutane nesa da layi, ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan tsakiya na zamaninsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Gwajin Indianapolis kansa yana iya ruɗarwa. A 2018 Orlando Brown Jr. ya ɗaga ƙarfe mai kilo 102 sau 14 kawai, ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 5.85, sakamako mai muni ƙwarai. Ya zame zuwa zagaye na uku, Baltimore Ravens ta ɗauke shi, daga baya ya tsare gefen hagun Patrick Mahomes har Kansas City Chiefs ta ci kofi. Girmansa da tsawon hannunsa sun sa zagaye shi tafiya ce mai nisa, kuma faifan wasanninsa na jami'ar Oklahoma ya riga ya nuna haka. A ɗaya ɓangaren akwai Tony Mandarich, wanda jikinsa ya ruɗi Green Bay Packers ta ɗauke shi a matsayi na 2 a 1989, ta tsallake Barry Sanders da Deion Sanders. Bayan 'yan shekaru ta sallame shi.

Saura koci. Jordan Mailata ɗan zari-rugar Ostireliya ne da bai taɓa buga wasan Amurka ko sau ɗaya ba lokacin da Eagles ta ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018. Ba faifai, sai jiki da ƙafa. Ƙungiyar tana da Jeff Stoutland, kocin da ya iya gini daga tushe, tana kuma da haƙurin jiran shekara biyu kafin yaron ya buga wasan gasa. A Fabrairun 2025 shi ne ɗan gefen hagunsu ranar da suka ci Super Bowl. Da wata ƙungiya mai gaggawa ce ta ɗauke shi, da wuya mu san sunansa.

Saboda haka idan na karanta rahoto a kan wani ɗan katanga, awon hannu yana gaya mini inda zan duba ne a faifai. Mai gajeren hannu, ina neman lokutan da ya gamu da mahari mai dogon hannu shi kaɗai a fili: wa ya riga taɓa wani, kuma idan an riga shi, ya iya sake kafa ƙafa? Daga nan sai in duba ƙungiyar da ke son sa: wane tsari take bugawa, wa ke tsaye a gefensa, wa zai koyar da shi. Ƙungiyar da ta amsa waɗannan kafin ranar zaɓe ta san abin da take saye. Wadda ta tsaya ga awo kaɗai kuwa, sai watan Satumba, idan an fara gasa, za ta gano ko ɗan gefe ta ɗauka ko ɗan ciki mai tsadar gaske.