Sur, garin da a ke shayar da jirgi mai

Garin Sur yana cikin ƙasar Oman, a bakin teku, kusa da ƙarshen ƙasar Larabawa ta wajen gabas. Daga Maskat, babban birnin ƙasar, tafiyar kilomita 200 ce ko kusa da haka, wato bai kai nisan Maraɗi zuwa Damagaram ba. Ƙasar busasshiya ce. Duwatsu ne a baya, ruwan gishiri a gaba, ba dajin da mutum zai sari gungume. Duk da haka, sana'ar da ta fid da sunan garin ita ce sassaƙar manyan jiragen katako masu tafiya da iska.

Tsofaffin alhazai da su ka bi ta Sudan a ƙasa sun san danginsu, don a cikin irinsu ne da yawa su ka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Na Sur sun fi zuwa nesa. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na busowa daga arewa maso gabas. Sai a ɗaura ƙaton ƙyalle a jikin ginshiƙi, iska ta tura jirgi har Zanzibar da dabino da busasshen kifi. Daga Afirilu iska ta kan juya, sai a komo gida da kanumfari da itatuwan rufin ɗaki. Tafiya ɗaya ke nan a shekara.

A bakin ruwan garin akwai wani tsohon jirgi da a ka ɗora bisa tudu. Sunansa Fatahul Hairi. A Sur a ka sassaƙa shi a 1951. Daga baya ya koma hannun mutanen Yaman, sai a 1993 a ka sayo shi a ka maido shi gida. Irinsa a ke kira ganja. Gabansa siriri ne, ya miƙe kamar wuyan raƙumi. Bayansa kuwa faffaɗa ne, da ƴan tagogi, an yi masa zane da wuƙa kamar na ƙwaryar amarya. Wanda ya tsaya a gindinsa sai ya ɗaga kai. Katako bisa katako, kowane ya lanƙwasa ya kwanta jikin ɗan uwansa, alhali masassaƙan ba su zana kome a takarda ba. Da ido su ka auna, da igiya, da abin da su ka gada.

Itacen da a ke ji da shi wajen wannan aiki shi ne tik, Larabawa na ce masa saj. Daga Malabar ta ƙasar Indiya a ke kawo shi tun zamanin kakanni. Ana shuka irinsa a Benin da Togo ma. Dalilin tsadarsa shi ne yana da mai a cikin jikinsa. Ruwa ba ya saurin ruɓar da shi, gara ba ta sonsa, ƙusar ƙarfe kuma ta kan daɗe a cikinsa. Aibinsa ɗaya a wurin masassaƙi: akwai wani abu kamar ɓarɓashin yashi a cikinsa mai dakushe gizago da zarto, kullum sai an wasa.

Sabon tik launin zuma gare shi. To amma rana da gishiri ba su barinsa haka. Cikin ƴan watanni man da ke fuskarsa ya kan ƙone, katakon ya yi toka-toka kamar furfura. Furfurar nan a sama ta tsaya, cikinsa lafiya lau. Matsala ita ce in an daɗe ba a kula ba. Katako ya kan bushe ya tsuke, tsaga ta buɗe tsakanin wannan da wancan, ruwa ya sami hanya. A tsakiyar teku, inda ba tudu ba tsibiri, tsaga mai faɗin yatsa ta isa ta ci dukiya da rayukan mutane.

Shi ya sa ba a fita babbar tafiya sai an yi wa jirgi gyara, kamar yadda mai hankali ke yi wa rumbu yaɓe kafin damina. Ruwan teku ya kan cika ya janye sau biyu tsakanin dare da rana. In ya cika sai a jawo jirgi gaɓa, a tokare shi da itatuwa dama da hagu. In ya janye, jirgi ya zauna a kan yashi, sai ma'aikata su sauka da gaggawa, don ruwan ba ya jiran kowa.

Aikin kashi biyu ne. Wajen da ke nutsewa cikin ruwa, abokin gabarsa wata tsutsa ce mai huda katako ta yi gida a ciki. Daga waje ƴar huda kawai za a gani, ciki kuwa ta rarake shi. Sai a kankare gansakuka da ƴan katantanwa da su ka manne, a dafa kitse a gauraya da farar ƙasa, a shafe da hannu. Wannan ne farin da a ke gani a gindin jiragen. Duk tsagar da a ka samu kuma, sai a murza auduga a jiƙa ta da mai, a tura da kurfi da guduma har ta cika.

Wajen sama, wanda rana ke duka, shi ne a ke shayarwa. Da farko a wanke shi da ruwan teku a goge dauɗa. A nan ne a ke gane gwani. Ba a bin tsawon jijiyar katako da burushi mai tauri, sai dai a gitta. Tik yana da jijiya mai tauri da mai taushi a jere. Wanda ya bi tsawonta zai kwashe mai taushin, ya bar katako da kunya-kunya kamar gonar da a ka yi wa huɗa, dauɗa ta sami wurin kwana. In ya bushe sai a bi shi da takarda mai yashi, sama-sama, har launin zuma ya leƙo. A tsaya nan. Mai son kyau da yawa, wanda ke gurza kowace shekara, da hannunsa ya ke cinye kaurin jirginsa.

Sa'an nan mai. Mutanen dā man hantar wani ƙaton kifi su ke shafawa, kifin da su ke kira jarjur. Da tsumma a ke shafa shi, katako ya sha, a ƙara, har ya ƙoshi ya yi ja wur mai duhu. Warinsa fa ba a magana, tun daga nesa hanci ke sanin ana gyaran jirgi. Yanzu da yawa sun koma ga man ƙyalli na gwangwani, wanda kafintoci ke kira werni. Ya fi ɗaukar ido, ba shakka. Sai dai shi a sama ya ke kwanciya kamar fata. Dole a shafa shi sau da yawa, ana jira ya bushe ana gogewa, kuma ranar da rana ta fasa shi, ruwa ya kan shiga ƙarƙashi ya baƙanta katako, sai an kankare duka an sake. Mai kuwa ba ya ɓarewa, ƙonewa ya ke yi a hankali, a ƙara wani.

A 1980 wani Bature, Tim Seberin, ya zo Sur ya sa a ka yi masa jirgi irin na dā can, ba ƙusa ko ɗaya, an ɗinke shi da igiyar ɓawon kwakwa. Sunan jirgin Sohar. Ya tashi daga Maskat a Nuwamba 1980, ya isa Kanton ta ƙasar Sin a Yuli 1981. Igiyar ma da mai a ka riƙa raya ta.

Tun da Oman ta fara sayar da man fetur a 1967, samari su ka sami wasu ayyuka. Masunta sun koma ga ƙananan jiragen roba masu inji, waɗanda ba su shan mai a jiki, sai a ciki. Wurin sassaƙa na Sur yana nan yana aiki, amma yawancin masu riƙe da gizago mutanen Kerala ne ta Indiya, masu saye kuma attajirai ne da masu yawo da baƙi. Fatahul Hairi ya huta da tsutsa tun da ya bar ruwa. Rana ce ta rage masa, kuma yanzu har gindinsa ta ke duka, wajen da teku ke rufewa a dā.