Garaken Adar tsakanin ɗari da bazara

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Bisa tudu akwai fako da tsakuwa, ruwa yana da nisa. Amma tsakanin duwatsun akwai kwaruruka da fadamu. Nan ne ruwan damina yake kwanciya, nan ne rijiya ba ta da zurfi, nan ne kuma ake garka. Ruwan sama a Tawa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma cikin wata ukku ko huɗu yake sauka. Sauran watanni, duk wani ɗanyen ganye da ya shiga tukunya, to daga garka ya fito.

Daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa ƙarshen watan Maris, sanyi yana ja da baya, zafi yana shigowa. Wannan ɗan lokaci shi ne mai wuya ga mai garka. Wanda ya yi shiri cikinsa, iyalinsa za su ci ɗanyar miya har faɗuwar ruwa. Wanda ya yi sakaci, garkarsa za ta bushe tun kafin watan Afrilu.

A cikin birnin Tawa

Ranar Lahadi ce babbar kasuwar Tawa. A watan Fabrairu kayan garka suna cika ta: salati, shu, karoti, tumatir, tattasai, tonka, yalo da albasa. Kaya sun yi yawa, kuɗinsu ya faɗi. Mai tumatir yakan sayar da arha don kada ya ruɓe masa. Amma bayan wata biyu, wannan tumatir ɗin zai yi tsada, talaka ba zai iya sayensa ba. Matan Tawa masu dabara sun san haka. Yanzu ne suke saye da yawa, su yanka, su shanya bisa tabarma mai tsabta, su adana. Haka suke yi da tattasai da kuɓewa. Ganyen albasa kuwa a kirɓa shi, a dunƙula, a shanya, ya zama gabu.

In aka bar kasuwa aka shiga unguwanni, ana ganin ƙananan garake cikin gidaje. Ba su da girma. Wata taki 4 ce a tsawo, taki 2 a faɗi. Ana sa ta bayan ɗaki ko gefen randa. A ciki akwai zogale, da yakuwa, da alayyafo, wani lokaci da gwanda ɗaya ko lemun tsami. Ruwan birni saye ake yi, saboda haka ba a ɓarnar sa. Ruwan alwala da ruwan wankin hatsi duk gindin itace ake zuba su. Ruwan sabulu ne kaɗai ba a zubawa bisa ganyen da za a ci.

Irin wannan garka ba ta kawo kuɗi mai yawa. Amma tana hana a fita sayen kayan miya kullum. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

A kwarin Tadis

Gefen birnin akwai kwarin Tadis. Nan manyan garake suke, da rijiyoyi, da itatuwan mangwaro da gwaba. Wasu suna jan ruwa da guga, wasu da injin ban ruwa, wasu kuma yanzu da injin da ke aiki da hasken rana.

Noman rani ya daɗe a Adar, amma ya ƙaru sosai bayan farin 1984. A wannan shekara damina ba ta yi kyau ba, rumbuna suka zama wayam, dabbobi suka mutu da yawa. Gwamnatin Janar Saini Kunce ta yi kira ga jama'a su kama noman rani a duk inda ruwa yake. Aka gina rijiyoyi, aka raba iri. Mutane da yawa da ba su taɓa shuka karoti ko shu ba, a lokacin ne suka koya.

A ƙarshen ɗari aikin Tadis yakan canza. Salati yana son sanyi. Da zafi ya shigo sai ya yi tsawo, ya fid da fure, ganyensa ya yi ɗaci. Shu ba ya ƙulla kai da kyau. Tumatir yana zubar da fure ba tare da ya yi ɗa ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce awo 40. Saboda haka mai garka da ya san aikinsa ba ya sake shuka waɗannan a watan Maris. Yana cire abin da ya nuna, ya sayar ko ya shanya. Sa'an nan ya gyara fangali, ya zuba ruɓaɓɓen taki, ya shuka masu jure zafi: kuɓewa, alayyafo, yakuwa, lalo, rama, kankana da zogale. Alayyafo yana isa yanka cikin kwana 30. Kuɓewa tana fara ba da ƴaƴa wajen wata 2.

Albasa ita ce sarauniyar garaken jahar Tawa. Irin Galmi ya yi suna har ƙasashen bakin teku. A watan Maris da Afrilu ake cire mafi yawanta. In ganyenta ya fara kwanciya, sai a tsai da ban ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin a cire. Bayan an cire, a bar ta ta sha iska, ganyen wata yana rufe kan wata, don kada rana ta ƙona ta. Albasar da aka cire da ruwa a jikinta ba ta ajiyuwa. Wadda ta bushe da kyau tana yin watanni cikin rumbu mai shan iska, har lokacin da kuɗinta zai tashi.

A bakin tabkin Tabalak

Daga Tawa in aka kama hanyar Agadas, bayan kamar kilomita 50 sai a iso Tabalak. Nan akwai babban tabki wanda ya miƙe cikin kwari. A 2005 an sa shi cikin jerin tabkunan duniya da ake kiyayewa saboda ruwansu da tsuntsayensu. Hausawa da Buzaye da Fulani duk suna ci da shi. Masunta suna kama kifi, makiyaya suna shayar da dabbobi, manoma suna garka.

Noman Tabalak yana bin ruwa ne. Da rani ya yi nisa, tabki yana janyewa, yana barin ƙasa mai laima. Manoma suna bin sawunsa suna shuka wake, da dankali, da rogo, da kabewa. Can nesa da baki kuma ana ban ruwa ga albasa da tumatir da tattasai.

A nan ne ake ganin yadda garka da garke suke buƙatar juna. A ƙarshen ɗari ciyawa ta ƙare a daji. Akuya da raƙumi ba su ganin kore ko'ina sai cikin garka. In babu shinge, dare ɗaya ya isa a cinye aikin wata ukku. Daga nan sai faɗa, sai zuwa gaban maigari. Saboda haka a wannan wata ake gyara darni. Shingen ƙaya da na kara suna lalacewa kowace shekara, kuma saran ƙaya yana ƙare daji. Shinge mai rai ya fi. Aguwa ba ta son ruwa da yawa, dabba ba ta cin ta. Reshenta ake sarewa a kafa cikin ƙasa kafin damina, sai ya kama. Lalle ma yana yin shinge, ga shi mata suna sayar da ganyensa.

Mai garka kuma yana da nasa nauyi. Kada ya shuka bisa burtali, kada ya toshe hanyar mashaya. Dabba dole ta sha ruwa. In an zauna lafiya kowa yana samu. Makiyayi yana da taki, manomi yana da harawar wake da ganyen dankali. Wannan ya ba wancan, ba wanda ya yi asara.

A ƙasar Keita

Gabas da Tawa akwai Keita da Tamaske da Ibohaman. Kafin 1984 ruwan sama yana gangarowa daga duwatsu da ƙarfi, yana yanka ƙorama, yana kwashe ƙasar gona, yana wucewa. A 1984 aka fara babban aikin gyaran ƙasa na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka jera duwatsu bisa gangare. Aka haƙa ramuka don tare ruwa. Aka gina madatsai cikin ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Mafi yawan masu wannan aiki mata ne, domin maza da yawa sun tafi bida. Su ne suka ɗauki duwatsu a ka, ana biyan su da abinci.

Ruwan da aka tare bisa dutse bai ɓata ba. Ya nutse cikin ƙasa, ya tsaya cikin kwari. Shi ne ake jawowa daga rijiya a watan Maris ana ba albasa da tumatir. Wanda ya ga garka kore a ƙasar Keita, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da aka jera bisa tudu. Daga can ruwanta ya fito. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.

Har yanzu samarin Adar suna tafiya cin rani, wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Suna tashi bayan girbi, ba su dawowa sai damina ta kusa. A gida ana barin mata da yara da tsofaffi. Saƙon kuɗi wani wata ya zo, wani wata bai zo ba. A irin wannan gida ƙaramar garka tana rufa asiri. Yaron da ba ya samun ɗanyen ganye yakan kamu da dundumi, da magariba ta yi ba ya gani sosai. Karoti, da ganyen zogale, da kabewa, da mangwaro, da gwanda suna tsare ido daga wannan ciwo. Mace mai ciki da mai shayarwa ma suna buƙatar su.

Yadda ake tattalin ruwa da itatuwa

Ko a Tadis, ko a Tabalak, ko a Keita, ruwan rijiya yana sauka ƙasa a watan Maris. Ga abin da masu garka ke yi don ya ishe su.

Suna ban ruwa da sassafe ko da marece. Ruwan tsakar rana, rana tana shanye wani kaso nasa.

Suna rufe fangali da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, don ƙasa ta riƙe laima. Amma ana dubawa kullum saboda gara.

Suna rage yawan fangali. Fangali 5 da suka ƙoshi sun fi 10 masu ƙishirwa.

Ga ƙaramin itace, wasu suna bizne tulu na yumɓu kusa da saiwa, bakinsa a waje. A cika shi da ruwa a rufe. Ruwan yana tsattsafowa sannu a hankali.

Mangwaro yana fure da sanyi. A watan Maris ƴaƴansa ƙanana ne. In ya rasa ruwa yanzu, zubar da su zai yi. A yi masa kwano mai faɗi daidai inuwarsa, domin can ne ƙananan saiwoyi suke, ba jikin kututture ba.

Wanda yake son dasa itace bana, yanzu ne zai haƙa rami. Faɗi santimita 60, zurfi santimita 60. A cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar ciki. Ba a dashe sai ruwa ya zauna, wajen watan Yuli. Gwanda tana yin ƴaƴa cikin shekara guda. Gwaba shekara 2 zuwa 3. Mangwaro mai aure shekara 3 zuwa 4, wanda ba a yi wa aure ba yakan kai 6 ko fiye. Zogale kuwa, in ya kai tsawon mita guda sai a yanke kansa don ya yi rassa da yawa.

Ƙwari suna ƙaruwa da zafi. Ƴaƴan bedi, wanda ake kira dogon yaro, magani ne da ba a saye. A daka rabin kilo na ƙwayar, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa, ya kwana. A tace da ƙyalle, a yayyafa bisa ganye da marece. Wanda ya sayi maganin kanti kuwa, ya nemi shawarar ma'aikacin gidan gona, ya kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin ya cire abin ci.

Abu na ƙarshe shi ne iri. A zaɓi gindin da ya fi lafiya, na tumatir ko kuɓewa ko salati, a bar shi ya nuna sosai. A shanya irin a inuwa, a zuba cikin kwalba busasshiya da ɗan toka, a rufe. Wanda ya koyi rubutu a makarantar yaƙi da jahilci, ya rubuta sunan iri da watan da aka ajiye shi a jikin kwalbar. Amma irin kanti na haɗi, wanda ake rubuta F1 a takardarsa, ba a ajiye shi, domin ɗiyansa ba su fitowa kamar uwarsu.

Ƴan uwa manoma da makiyaya, bazara tana bakin ƙofa. Ku gyara shinge, ku shanya abin da ya yi yawa, ku shuka masu jure zafi, ku ajiye iri, ku haƙa ramin itace. Wanda ba shi da fadama, ya nemi wuri bayan ɗakinsa ya sa zogale ko da gindi 3. Wanda ya karanta wannan jarida, ya karanta ma maƙwabcinsa da bai koya ba tukuna. Allah ya kai mu damina lafiya.