Teksas: Jihar Da Ake Kai Yara Kallon Shanu

Teksas jiha ce a kudancin ƙasar Amurka, tana iyaka da Meksiko. Cikin jihohi 50 na ƙasar, Alaska kaɗai ta fi ta girma. Faɗinta ya ɗara rabin ƙasar Nijar, mutanenta kuwa sun haura miliyon 30. Tana da man fetur, tana da auduga, amma shanu ne suka yi mata suna, don babu jihar da ta kai ta yawansu. Saboda haka idan ƴan lakwal sun samu hutu, iyaye da yawa sukan kwashe su zuwa tsohuwar kasuwar bisashe ta garin Fort Worth, mai nisan kilomita 50 daga Dallas.

Kullum sau biyu, ƙarfe 11 da rabi na safe da ƙarfe 4 na la'asar, ana tsaida motoci a babban titin kasuwar. Sai makiyaya bisa dawaki, da manyan malafunansu, su koro wani ɗan garke da bai cika shanu 20 ba. Jama'a su jeru gefen titi, iyaye su saɓa ƙananan yara a wuya don su gani. Kallon kyauta ne. Shanun masu dogon ƙaho ne irin na Bororo, sai dai nasu a kwance yake, daga tsini zuwa tsini wani ya wuce mita 2. Asalinsu shanun da mutanen Sipaniya suka tsallaka teku da su ne, suka saba da daji da ƙishirwa.

To, me ya sa garke ya zama abin kallo? Ga yadda abin ya faru. Bayan yaƙin basasar Amurka da ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas har sa guda bai wuce dalar Amurka 4 ba, alhali a garuruwan arewa yana kai 40. Sai aka shiga kora su da ƙafa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas. Garke ɗaya shanu 2.000 zuwa 3.000, makiyaya kamar goma, tafiyar wata biyu ko uku. Da dama cikin makiyayan baƙar fata ne da ƴan Meksiko. Tsakanin 1866 da 1890, shanu fiye da miliyon 4 suka ratsa Fort Worth.

Amma burtalin bai daɗe ba. A 1874 aka fito da waya mai ƙaya maras tsada. Masu gonaki da masu manyan garake suka shinge filaye da mashaya, aka yi ta rigima, ana yanke waya da dare. Jirgin ƙasa kuma ya shigo cikin Teksas. Kafin 1890 hanyar ta toshe. Masu kiwo suka koma ga wasu irin shanu masu saurin ƙiba, masu dogon ƙaho suka kusa ƙarewa, har a 1927 gwamnati ta tattara ƴan kaɗan ta killace su a wani gandun daji na jihar Oklahoma don kada irin ya ɓace. Ita ma kasuwar ta mutu bayan manyan mayanka biyu na garin sun rufe, ɗaya a 1962, ɗaya a 1971. A 1999 ne garin ya soma wannan kora ta titi, don yara su san abin da kakanninsu suka yi.

Wanda ke son ganin kiwo na yau sai ya nufi Houston, kilomita 400 da ƴan kai kudu maso gabas. Can ake babbar kasuwar baje kolin bisashe kowace shekara wajen watan Maris, tun 1932. Yara ke kawo maruƙa da tumaki da awakin da suka kiwata da hannunsu, alƙalai su duba, a sayar, a ba masu ƙwazo kuɗin ci gaba da karatu. Akwai wasan da ake sakin maruƙa cikin fili, samari da ƴan mata su bi su a guje. Wanda ya kama ya ɗaura igiya, a ba shi takardar sayen karsana ko ɗan maraƙi, da sharaɗin ya kiwata ya dawo da ita baɗi a gani. Ƴan shekara 5 da 6 kuwa tunkiya ake aza su bisa, da hular kwano, su ƙanƙame gashinta tana gudu, jama'a na ta dariya.

A Houston ɗin kuma akwai cibiyar da ta jagoranci mutanen farko da suka taka wata a 1969. Ana nuna wani kumbo kwance mai tsawon mita 110, har yaro na iya taɓa dutsen da aka ɗebo daga wata. Teku na Galveston, kilomita 80 daga garin. Sai dai mai tafiya da iyali ya zaɓi Maris ko Oktoba, don daga Yuni zuwa Agusta zafin Teksas yana kusan kai na bazarar Tawa, ga garuruwan da nisa tsakani.

A Nijar garake suna nan suna tahiya mashekari suna dawowa, ba a kira kowa kallo ba. Labarin Teksas ya nuna cewa shekaru 25 sun isa su rufe hanyar da miliyoyin shanu suka bi. Manomi ya bar burtali a buɗe, makiyayi ya tsare amfanin gona, yaro kuma a ɗaura mashi akuya tasa tun yana ƙarami.