Kyauta Da Igiyarsa

Yau zancen ɗan kwikwiyo zan kawo muku, don na san akwai irina da dama a nan kudancin Kaduna da ke kiwon kare saboda gadin shago.

Mu Hausawan da muka rage a Sabon Tasha ba mu da yawa tun bayan rikicin 2000 da na 2002, da jama'a suka yi ta ƙaura zuwa ƙetaren kogi. Baba bai tashi ba, shagonsa na hatsi yana nan. Wani maƙwabcinmu Bajju ne ya ba shi kwikwiyon, shi ya sa muka sa masa suna Kyauta, kuma ni aka ɗora wa renonsa.

Halinsa ɗaya ne ya dame ni. Da zarar na ɗaura masa igiya mun fita, sai ya cafke ta a baki, ya yi gaba yana taunawa, kai ka ce shi ya fito da ni yawo. Yaran unguwa su yi ta dariya. Amma fa abin ya wuce dariya. Igiyar da ake tauna kullum wata rana za ta tsinke, ga titin Kachia da motoci ba sa tsayawa. In kuma ya kufce ya ciji ɗan wani, a gari irin namu ƙaramar magana ba ta daɗewa take girma. Sannan igiyar takan jiƙe sharkaf da yawu. Ko da yake malamanmu na Malikiyya ba su ɗauki yawun kare najasa ba, Inna ba ta yarda in zauna mata a tabarma sai na wanke hannu.

Da na tambayi likitan dabbobi, sai ya ce ba taurin kai ba ne. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, daga wata uku zuwa wata bakwai yake famfara, manya 42 su fito. Dasashinsa ke ƙaiƙayi, komai ya samu sai ya tauna. In kuma ka ja igiyar, shi a ganinsa wasa ka soma.

Ga abin da na yi. In ya kama igiya sai in tsaya cak, ba ja, ba tsawa, ba duka. Da ya saki sai in ba shi ɗan guntun ƙuli-ƙuli mu ci gaba. Na kuma ƙulla masa wani tsumma mai kauri, shi yake ɗauka a baki in za mu fita, igiya kuwa tana hannuna. Kusa da wuyansa na sa guntuwar sarƙa, don ƙarfe ba ya daɗin tauna. Cikin 'yan makonni ya gane cewa tafiya ba ta yiwuwa sai ya sakar mini igiyata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abu kuma, 'yan uwa: kwikwiyo yana cika wata uku a kai shi a yi masa allurar rigakafin ciwon hauka, a adana takardar. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Maƙwabcinka yana da haƙƙin ya wuce ƙofar shagonka hankalinsa kwance.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.