Ƙurar Omdurman da Numfashin Babur

Lokacin da nake karatu a Jami'ar Afirka da ke Khartoum, ba na zuwa gida hutu, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina. Sai in ƙetare Farin Nilu zuwa Omdurman, garejin wani Bahaushe haifaffen can, wanda kakanninsa suka fito aikin hajji a ƙasa, suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Usta ake ce masa. Babura yake gyarawa da raksha, wato irin Keke Napep ɗinmu, ƙirar Bajaj ta Indiya.

Daga Mayu zuwa Yuli ake fama da habub, wato guguwar ƙura. Da la'asar sai ka hangi jar ƙura ta tokare sama, kafin ka rufe shago gari ya yi duhu. Washegari layi ne a ƙofar gareji, kuma kukan ɗaya ne: "Usta, ba ta ja, ga shan mai." Ba ya taɓa kafireta sai ya buɗe iyakilina, wato matatar iska. Yakan ce mini, "Ɗana, inji iska yake sha, fetur mahaɗi ne kawai." Daga baya na ga lissafin: litar fetur ɗaya na bukatar iska wajen lita 10,000 kafin ta ƙone sarai. In matatar ta toshe, iska ta ragu, mai ya rinjaya, sai baƙin hayaƙi, fulogi ya yi duƙun-duƙun, babur ya riƙa shaƙewa in an murɗa totur.

Aikina ne wankin soson matatar. A tsoma a kalanzir, a matse ba murɗawa don kada ya yage, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan, saboda man ne ke kama ƙurar. Matatar takarda kuwa ba ta son ruwa. A kakkaɓe, in ta gaji a saya sabuwa.

Waɗanda suka fi ba Usta haushi su ne samarin da ke cire matatar gaba ɗaya. Gaskiya babur kan ƙara ƙara, mai shi ya ɗauka ƙarfi ne. Amma yashi ne ke shiga silinda kai tsaye yana cin ringi da fistin. Ba a jimawa sai hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji ya fara shan baƙin mai, a dawo ana neman a sauke shi. Toshewa gyaran ɗan lokaci ce, wannan kuwa kuɗin haya na makonni yake lashewa.

Wa'azin Usta bai shige su ba sai a 2018, da layin gidan mai ya kai mutum ya kwana a ciki. Tun ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 yawancin rijiyoyin man suka tafi da ita. Nan fa kowa ya koyi buɗe iyakilinarsa da kansa don tsimin mai.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya watsa mutanen garejin, Allah Ya kai musu ɗauki. Ɗan'uwa mai babur a Kano ko Maraɗi, ƙurar hunturunmu ma ba ta da sauƙi. Ka riƙa duba matatarka duk mako, kuma ko wa ya ce ka cire ta, kada ka yarda.